Haihuwa Ɗaya Sa'an Nan Shiru: Amsa Ga Wani Ɗan'uwa Daga Matazu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai bayarwa ga wanda Ya so, Mai jinkirtawa ga wanda Ya so, bisa hikimar da Ya bar wa kansa sani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. 

A makon nan mun tsaya ne a kan wata takarda da ta iso mana daga Matazu, daga hannun wani ɗan'uwa mai fataucin hatsi tsakanin garinsu da kasuwannin Malumfashi da Funtua. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Allah Ya gafarta Malam, shekarata 11 da aure. A shekara ta biyu Allah Ya ba mu 'ya mace, yanzu tana aji huɗu a firamare. Tun daga kanta shiru, ko ɓatan wata maiɗakina ba ta ƙara yi ba. Na kashe abin da ya kai kuɗin buhu talatin na masara wajen masu magani. Wani ya ce aljani ne ya aure ta, wani ya ce ɗaure mata mahaifa aka yi. Yanzu Hajiya mahaifiyata ta ce in sake ta in auro wadda za ta cika mata gida da jikoki, ni kuwa ban taɓa samunta da laifi ba. Ta nemi mu tafi asibiti tare na ƙi, domin na san lafiyata lau tun da na taɓa haihuwa. Mene ne hukuncin shari'a?"

To, Alhaji, Allah Ya yaye maka damuwa. Tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai, gama akwai ire-irenka da yawa a cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, sai dai kunya ta hana su faɗa. Saboda haka za mu amsa maka a fili domin kowa ya ƙaru. Amma tun kafin mu yi nisa, abu ɗaya muke roƙonka: kada ka furta saki sai ka karanta wannan bayani har ƙarshensa.

Mu fara da aƙida, domin ita ce tushe. A cikin Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya kasa bayinsa kashi huɗu a sha'anin haihuwa: waɗanda Ya ba 'ya'ya mata, da waɗanda Ya ba maza, da waɗanda Ya haɗa musu maza da mata, da waɗanda Ya bari ba haihuwa. Dukansu huɗu rabo ne daga Ubangiji guda, babu wanda ya sami nasa da ƙarfinsa ko dabararsa. Ka lura kuma, Allah da kyautar 'ya'ya mata Ya fara ambato. Watau kai, Alhaji, kana cikin kashin farko na waɗanda aka yi wa kyauta.

Dubi gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. 'Ya'yansa duka Nana Hadiza ce ta haifa, in ban da Ibrahim wanda Mariya ta haifa. Nana A'isha ba ta taɓa haihuwa ba, har aka yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan yayarta Abdullahi ɗan Zubairu. Ummu Salama ta haifi 'ya'ya da mijinta na fari Abu Salama, Ummu Habiba ma ta haifi Habiba kafin ta shigo gidan Annabi, amma dukansu biyu ba su ƙara haihuwa ba a gidan nan mafi albarka a doron ƙasa. Ba a taɓa ruwaito cewa ya saki ɗaya daga cikinsu a kan haka ba, ko ya goranta mata. Har yau sunansu Uwayen Muminai. Wanda duk ya ce tsayawar haihuwa alamar fushin Allah ce ko rashin albarkar mace, to ya fara duba abin da maganarsa za ta taɓa.

Sai dai yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya kuma bayyana cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, in ban da tsufa. Annabi Zakariya'u ya roƙi zuriya yana tsoho, matarsa kuma ba ta haihuwa, kuma a Suratul Anbiya, aya ta 90, Allah Ya faɗa cewa Ya amsa masa, Ya ba shi Yahaya, Ya kuma gyara masa matarsa. Ka ga an haɗa addu'a da gyaran jiki a aya guda. Magabatanmu na ƙasar nan ma haka suka fahimta, shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido.

To, me likitoci suka sani game da wannan lamari? Ƙa'idarsu ita ce, idan miji da mata suka shekara guda cur suna tare, ba tare da wani abin tsarin iyali ba, ciki bai samu ba, to lokacin bincike ya yi. Idan kuwa shekarun mace sun haura 35, wata shida ya isa, domin daga wannan shekaru haihuwa takan fara ja da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a shekarar 1444 ta Hijira, watau 2023, cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na baligai yakan gamu da wahalar samun haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashen masu arziki da na matalauta ba su da wani babban bambanci a kan haka. A ƙasashenmu na Afirka kuwa, wadda ta fi yawa ita ce irin taka, watau a haihu sau ɗaya ko biyu sa'an nan abin ya tsaya.

Dalilin yawanta kuwa sananne ne. Tsakanin inda ƙwan mace yake fitowa da mahaifa akwai wasu 'yan siraran hanyoyi guda biyu, a cikinsu ne ƙwan yake haɗuwa da ruwan namiji. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mace lokacin haihuwa, ko bayan ɓari, ko ta hanyar ciwon sanyi, sai waɗannan hanyoyi su kumbura, in sun warke su bar tabo, tabon kuwa ya toshe su. Sau da yawa haihuwar farin ita ce mafarin abin: doguwar naƙuda a gida, hannu ko reza marasa tsabta, ragowar mabiyiya da ta tsaya a ciki, zazzaɓi mai zafi da ɗoyi a kwanakin jego wanda aka ɗauka ba komai ba ne. Mace ta warke a ido, tana ganin al'adarta kowane wata, amma hanya ta rufe. Akwai kuma ƙari da yakan fito a mahaifa, da mannewar bangon mahaifa bayan wankin ciki, da rikicewar al'ada da ke hana ƙwai fita a kan kari, da zubar jini mai yawa wajen haihuwa wanda yakan sa nono ya ƙafe al'ada ta ɗauke.

Mutanen yankinku suna da wani abin dubawa na musamman, shi ne tsargiya. Tun a shekarun 1970 masu bincike suka zauna a ƙasar Malumfashi suka yi nazarin yadda wannan cuta take yaɗuwa a tsakanin masu shiga ruwan tafki da na madatsa. Mun saba ɗaukarta cutar yara maza masu fitsarin jini, alhali kuwa takan taɓa mahaifar mace da hanyoyin ƙwanta, takan kuma taɓa magudanar ruwan namiji. Maganinta ƙwayoyi ne masu sauƙin samu, in an gano ta da wuri.

Wani abin da ya kamata kowane magidanci ya sani shi ne sha'anin jini. Akwai wata alama a cikin jini da likitoci ke kira Rh. Yawancin mutane suna da ita, kaɗan ne ba su da ita. Idan uwa ba ta da ita, jariri kuma ya gado ta daga uba, ɗan fari yakan zo lafiya, amma jinin uwar yakan ɗauki gaba da irin wannan jini, sai na biyu da na uku su riƙa mutuwa a ciki ko su zo da shawara mai tsanani. Wasu daga cikin matan da ake ce wa masu wabi wannan ne ciwonsu. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Gwajin jini kaɗan a awon ciki ya isa ya nuna wadda take bukatarta.

Haka kuma kada mace ta zauna shekara da shekaru tana cewa cikinta ne ya kwanta. Maganar da malaman fiƙihu suka yi a kan tsawon zaman ciki sun yi ta ne domin kare nasaba da kau da haddi, ba su hana kowa zuwa a duba shi ba. Yau hoton ciki yana nunawa nan take ko ɗa ne, ko ƙari ne, ko ba komai. Wanda kuwa matarsa take goyo tana shayarwa sosai, kada ya ɗaga hankalinsa, gama shayarwa kanta takan jinkirta ɗaukar ciki, kuma hutu ne ga uwa da ɗa. Shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata a aya ta 233 rahama ce.

Yanzu mun zo kan maganar da ta fi nauyi, Alhaji, sai ka yi haƙuri da mu, gama gaskiya ɗaci gare ta. Ka ce lafiyarka lau tun da ka taɓa haihuwa. Ai ita ma maiɗakinka ta taɓa haihuwa, kuma 'yar guda ce tsakaninku. Hujjar da ta wanke ka ta wanke ta, in kuwa ba ta wanke ta ba, kai ma ba ta wanke ka ba. Allah Ya kamanta mace da gona a Suratul Baƙara, aya ta 223, ku kuwa mutanen Matazu manoma ne. Wane manomi ne gonarsa za ta ba da auduga bara, bana ta ƙi, ya sayar da gonar tun bai duba irin da ya shuka ba? Irin da ya tsira shekara tara da suka wuce, wa ya tabbatar maka bai sha gunda ba a rumbu?

Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi wuya, namiji yana da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Kuzarin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa daban. Mutum yana iya zama da cikakken kuzari alhali ƙwayoyin sun ragu ko sun raunana. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba, da hangum in ya kama baligi ya sauka ga maraina, da kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon suga, da shan taba, da shan magungunan ƙarfin maza barkatai waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba. Manomi mai feshin maganin ƙwari ba tare da rufe jiki da hanci ba shi ma ya yi hattara. Gwajin namiji kuwa shi ne mafi sauƙi da araha, babu yanka babu allura, malamai kuma sun yi rangwame a kansa saboda larurar magani. Da yake jiki yakan ɗauki kusan wata uku kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, in gwajin fari bai yi kyau ba akan maimaita, kada mutum ya yanke ƙauna.

Shari'a ma ta san cewa namiji yakan rasa haihuwa. An ruwaito cewa wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure a zamanin Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko ya sanar da matar, da ya ce a'a, ya umurce shi da ya koma ya gaya mata, ya kuma ba ta zaɓi. Watau son ɗa hakki ne na mace kamar yadda yake na namiji. Saboda haka ƙin bin ta asibiti da ka yi, alhali ita ke shan gori ita kaɗai, tauye hakki ne. Kai da kake auna hatsi da mudu guda ga mai saye da mai sayarwa, auna wa kanka da mudun da ka auna mata.

Batun masu magani kuwa, sai a rarrabe. Addu'a da karatun Alkur'ani da yawan istigfari abin so ne. Suratu Nuhu, daga aya ta 10 zuwa ta 12, ta danganta istigfari da samun ruwan sama da dukiya da 'ya'ya, kuma da ita Hasanul Basari ya yi wa mai neman haihuwa nasiha. Amma wanda zai buga ƙasa ya ce wance ce ta ɗaure mahaifa, wannan boka ne ko da ya naɗa rawani. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ban da asarar imani da ta dukiya, ga raba zumunci, ga kuma cutarwa, gama cusa saiwoyi da kanwa da hayaƙi a gaban mace yakan ƙona wurin ya ƙara toshe abin da ake son buɗewa. Kuɗin buhu talatin ɗin nan, da kaɗan daga cikinsu ka kai asibiti, da yanzu ka san inda matsalar take.

Ga hanya. Ku tafi ku biyu, ranar guda, babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, ku nemi ganin likitan mata. Za a tambayi labarin haihuwar fari da yadda al'ada take zuwa, a yi gwajin jini da fitsari, a ɗauki hoton mahaifa, kai ma a gwada ka. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano. In an sami likita mace ita ce ta fi dacewa ta duba mace, in ba a samu ba namiji amintacce ya halatta saboda larura, kai kuma kana kusa. In ciwon sanyi ne, ku sha magani tare, kai da duk matan da ke gidanka, in ba haka ba zai riƙa zagayawa. Fatake da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki su kuma lura cewa kwanakin ɗaukar ciki wajen shida ne kawai a wata, kuma ƙwai yakan fita ne kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. Mai zuwa gida sau ɗaya a wata yana iya shekara bai dace da su ba.

Wasu sukan tambaya game da dashen ciki, watau a haɗa ƙwan mace da ruwan namiji a waje sa'an nan a mayar cikin mahaifa. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila a 1978. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawar halaccinsa tsakanin miji da matarsa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da haka. Sharaɗi shi ne ruwan na miji ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar tata ce, igiyar aure kuma tana nan. Shigo da ruwan wani, ko ƙwan wata, ko aron mahaifa, haramun ne saboda cakuɗa nasaba. Aiki ne mai tsada, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba, don haka kada mutum ya sayar da gidansa da gonarsa a kansa ba tare da shawara ba.

Saura maganar Hajiya. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma malamai ba su wajabta wa ɗa ya saki matarsa ta kirki don umurnin iyaye ba. Wani mutum ya gaya wa Imamu Ahmad ɗan Hambali cewa mahaifinsa ya ce ya saki matarsa, Imamu ya hana shi. Da mutumin ya kawo hujja da cewa Sayyidina Umar ya sa ɗansa Abdullahi ya yi saki, sai Imamu ya nuna masa cewa sai in mahaifinsa ya kai Umar adalci da tsoron Allah. Malamanmu na Malikiyya kuma ba su lissafa rashin haihuwa cikin aibobin da ake warware aure saboda su ba. Saboda haka ka je wa Hajiya da ladabi, ka durƙusa, ka roƙe ta ta ba ka lokaci ku nemi magani, in da hali ka tafi da wani dattijo da take jin nauyinsa. Ƙarin aure halal ne ga mai iya adalci, amma ka fara gwada kanka, kada mace biyu su zauna suna ɗaukar laifin da ba nasu ba. Ka kuma hana 'yan'uwanka mata kiranta juya ko yi mata habaici a gidan suna, gama Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi.

A ƙarshe, kada neman na biyu ya mantar da kai ta farko. Zuriyar Manzon Allah ta wajen 'yarsa Fatima ta wanzu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu tun 1864, amma har yau ana cin moriyar iliminta. Ka ba yarinyar nan ilimin addini da na zamani, kada ta tashi tana jin cewa ita ba ta isa ba. In kuma gidan ya yi muku faɗi, ga marayu nan da yawa a dangi da unguwa. Riƙo sunna ce mai girma, Buhari ya ruwaito cewa mai riƙon maraya yana kusa da Annabi a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu, sai dai a bar yaro da sunan ubansa kamar yadda Suratul Ahzabi ta umurta a aya ta 5.

Muna jiran takardarka ta biyu, Alhaji, bayan kun dawo daga asibiti ku biyu. Allah Ya ba ku zuriya ɗayyiba, Ya raya wadda Ya ba ku, Ya sanyaya zuciyar duk wadda ke kuka a ɓoye a kan wannan lamari, Ya kuma ba mu ikon yin adalci a gidajenmu. Allah Shi ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.